LiMux: Yadda Birnin Munich Ya Koma Linux, Sannan Ya Juya Baya

A watan Mayun 2003 majalisar birnin Munich, hedikwatar jihar Bavariya da ke kudancin Jamus, ta yanke shawarar raba kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 14,000 da Windows domin mayar da su kan Linux. A watan Nuwamban 2017 wannan majalisa dai ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. A cikin watan ne kuma jerin kwamfutocin bincike 500 mafiya ƙarfi a duniya ya nuna, a karon farko, cewa dukkansu da Linux suke aiki. Duk mai son sanin dalilin da ya sa babbar manhajar da ta mamaye sabobin intanet, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka da bayanai, take kuma ƙarƙashin kowace wayar Android, ta kasa samun gindin zama a teburin ma'aikacin ofis, ya kamata ya tsaya a kan labarin Munich, domin birnin bai rasa kuɗi ba, bai rasa ƙwararru ba, bai kuma yi gaggawa ba. Ya kai aikin ƙarshe, ya sanar da nasara, sannan daga baya ya warware abin da ya ƙulla.

Mafarin lamarin

Ba sha'awar sabon abu ce ta tayar da maganar ba, tilas ce. A farkon shekarun 2000 kwamfutocin hukumar birnin da Windows NT 4.0 suke aiki, sai kamfanin Microsoft ya sanar cewa zai daina kula da wannan manhaja, wato zai daina fitar mata da gyare-gyaren tsaro. Hukumar da ke riƙe da bayanan haraji da rajistar mazauna gari ba za ta ci gaba da zama a kan manhajar da mai ita ya janye hannu daga gare ta ba, saboda haka canji ya zama dole, ko zuwa Windows XP ko zuwa wani abu dabam. Komawa XP kuwa yana nufin sabon kuɗin lasisi da sayen sababbin kwamfutoci masu yawa, a lokacin da birnin bai zaɓa da kansa ba. Wannan shi ne abin da ya tsaya wa kansilolin a rai: wani kamfani da ke wata nahiya ne yake yanke musu ranar da za su sauya kayan aikinsu.

Majalisar ta sa kamfanin ba da shawara na Unilog ya auna hanyoyin da ake da su. Da labari ya kai Amurka cewa birni na uku mafi girma a Jamus yana tunanin barin Windows, shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya katse hutun da yake yi a Siwizalan ya zo Munich a watan Maris na 2003 domin ganawa da magajin gari, Christian Ude na jam'iyyar SPD. Kamfanin ya yi ta rage farashi har tayinsa na ƙarshe ya fi na ɓangaren Linux arha. Duk da haka majalisar ta zaɓi mai tsadar. Yana da muhimmanci a riƙe wannan, domin daga baya magoya baya da 'yan adawa duka sun mayar da muhawarar ta zama ta kuɗi, alhali hujjar farko ita ce 'yancin kai daga hannun mai sayarwa guda ɗaya. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe irin Linux, wadda kowa ke da damar duba rubutunta ya gyara ya kuma rarraba, tana ba hukuma ikon ɗaukar duk kamfanin da ta ga dama ya kula mata da ita, da ikon yanke wa kanta lokacin sabuntawa.

Aikin, wanda aka raɗa wa suna LiMux, bai fara da sauri ba. A watan Agustan 2004 an dakatar da neman tayin kwangila na ɗan lokaci saboda fargabar wata doka da Tarayyar Turai ke tattaunawa a kai game da haƙƙin mallakar ƙirƙirar manhaja, wadda aka ji tsoron za ta buɗe ƙofar kai ƙarar masu amfani da Linux. A 2005 aka zaɓi Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta zama tushen da za a yi gini a kai, kuma sai a watan Satumban 2006 kwamfutocin farko suka koma sabon tsarin, ciki har da na ofishin magajin gari.

Abin da aka tarar a cikin ofisoshi

Jinkirin da ya biyo baya ba daga Linux ya fito ba, daga abin da masu aikin suka tarar ne da suka shiga ma'aikatun birnin ɗaya bayan ɗaya. Ashe Munich ba ta da sashen kwamfuta guda. Tana da sassa fiye da 20, kowace ma'aikata da nata, kowane sashe ya tsara Windows ɗinsa yadda ya ga dama, da nasa hanyar ajiye sunayen ma'aikata da nasa hanyar raba izinin shiga fayiloli. Shugaban aikin, Peter Hofmann, da abokan aikinsa sun fahimci cewa ba zai yiwu a ɗora tsari ɗaya a kan wannan tarkace ba sai an fara daidaita shi, don haka shekarun da aka yi zaton na sauya manhaja ne suka koma na gyaran gida.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne takardu. Aikin hukuma wasiƙa ne da fom da takardar izini da sanarwar tara, kuma a tsawon shekaru ma'aikata sun ƙirƙiri samfuran takardu da ƙananan umarnin sarrafa kai da ake kira makro, kusan 21,000 idan aka haɗa su, duk a cikin Word da Excel. Wani ma'aikaci a sashen gine-gine, a ce, ya rubuta wa kansa makro shekaru da suka wuce wanda ke ɗauko sunan mai gida da lambar fili daga wani jadawali ya zuba su a wasiƙa, abokan aikinsa suka gani suka kwafa, shi ya yi ritaya, makron ya ci gaba da aiki ba tare da kowa ya san yadda aka gina shi ba. Irin wannan makro da harshen da Microsoft ya keɓe wa Office ake rubuta shi, kuma ba ya tafiya yadda ya kamata a OpenOffice, manhajar ofis mai buɗaɗɗen tushe da birnin ya zaɓa a madadin Office. Ba ya cikin kowane lissafin kadarorin hukuma, amma ranar da ya tsaya aikin ofis guda ya tsaya. Domin magance wannan ne birnin ya gina manhajarsa ta kansa mai suna WollMux, wadda ta tattara kan wasiƙa da fom da bayanan mai aikawa a wuri guda, ta rage yawan samfuran ƙwarai, aka kuma sake ta ga jama'a kyauta a 2008. Zuwa ƙarshen 2009 dukkan ma'aikata sun koma OpenOffice, har da waɗanda kwamfutocinsu ke kan Windows tukuna, kuma tsarin ajiyar takardu na ODF ya zama na hukuma a cikin gida.

A cikin gida kaɗai ke nan, kuma a nan ne matsalar da ba ta taɓa warwarewa ba take. Munich ba da kanta kaɗai take musayar takarda ba. Gwamnatin jihar Bavariya, ma'aikatun tarayya a Balin, 'yan kwangila, lauyoyi, masu zanen gini da sauran ƙananan hukumomi, duk da Microsoft Office suke rubutu. ODF ya samu amincewar hukumar ma'auni ta duniya, ISO, a 2006, amma a 2008 Microsoft ma ya samo wa nasa tsarin, OOXML, irin wannan amincewa, kuma tsarin Microsoft ɗin ne kusan kowa ke aikowa da shi. Ma'aikaciyar da ta buɗe daftarin yarjejeniya mai shafi 40 da aka turo mata daga wata ma'aikatar jiha za ta iya tarar da jadawali ya zame daga shafi, lambobin sakin layi sun sauya, gyare-gyaren da wani lauya ya yi wa alama sun cakuɗe. Idan ta gyara ta mayar, shi ma na can ya buɗe ya ga ta ɓata masa tsari. Ba ruwanta da muhawarar ma'auni, abin da ta sani shi ne a da takarda tana buɗewa lafiya, yanzu kuma ba ta yi. A 2012 Munich ta haɗa kuɗi da biranen Freiburg da Jena da wasu hukumomin Siwizalan domin a inganta yadda LibreOffice, manhajar ofis da ta ɓalle daga OpenOffice, ke karanta takardun Microsoft, amma a watan Nuwamban wannan shekara ita Freiburg ɗin ta gaji ta koma Microsoft Office, abin da ya ƙara barin Munich ita kaɗai.

Matsala ta biyu mai nauyin irin wannan ita ce manhajojin aiki na musamman. Hukumar birni tana amfani da ɗaruruwan irinsu: ta rajistar mazauna, ta lasisin tuƙi, ta zanen taswira, ta lissafin tallafin marasa galihu, ta kula da maƙabartu. Yawancinsu ƙananan kamfanoni ne ke yin su domin dukkan ƙananan hukumomin Jamus, waɗanda suka haura 10,000, kuma kusan dukkansu a kan Windows suke. Kamfanin da ke da abokan ciniki ɗari a kan Windows da guda ɗaya a kan Linux ba shi da dalilin rubuta manhajarsa sau biyu, sai dai in wannan guda ɗayan zai biya kuɗin aikin shi kaɗai. Haka abin yake ga na'urorin da ke kan tebur. A ofishin da ake karɓar buƙatar fasfo akwai na'urar ɗaukar zanen yatsa, da sikana, da firinta ta musamman, kuma kowace sai da 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, wadda galibi mai ƙera na'urar a kan Windows kawai ya gwada ta, a kanta kawai kuma zai amsa kira idan ta lalace. Munich ta bi hanyoyi da dama domin kauce wa wannan. Wasu manhajojin an sake gina su domin su buɗe a burauza, wasu an gudanar da su ta Wine, wadda ke ba manhajar Windows damar aiki a cikin Linux, wasu an bar su a sabobin Windows ana leƙo su daga nesa, wasu kuma babu yadda aka iya da su sai aka bar wa masu amfani da su kwamfutar Windows. Tun daga shirin farko ma ba a yi niyyar mayar da kowa ba. Burin shi ne kashi 80 cikin 100.

An wuce wannan buri. A watan Disamban 2013 birnin ya sanar da kammala aikin, da kwamfutoci kimanin 14,800 daga cikin 15,500 a kan LiMux, wadda a lokacin an riga an sauya mata tushe daga Debian zuwa wani nau'in Linux mai suna Ubuntu. Shekara guda kafin nan hukumar ta fitar da lissafin da ya nuna ta kashe kimanin Yuro miliyan 23, alhali zama a kan Windows da Office zai ci kimanin miliyan 34, wato an samu rarar fiye da miliyan 10, mafi yawanta daga kuɗin lasisi da kuma tsofaffin kwamfutocin da ba a tilasta sauya su ba. A farkon 2013 wani nazari da kamfanin HP ya yi wa Microsoft ya ce a'a, LiMux ta ci miliyan 60.6, Windows kuwa da miliyan 17 kacal za ta ci. Birnin ya yi watsi da wannan lissafi. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta isa ta nuna cewa sakamakon irin wannan lissafi ya danganta ne da abin da mai lissafin ya ga damar sakawa: shin albashin ma'aikatan da dama can suna nan zai shiga, shin gyaran gidan da dole a yi shi ko da wace manhaja za a ɗora wa Linux ne kuɗinsa. A ganina lissafin birnin ya fi kusa da gaskiya ta fuskar kuɗin da ya fita daga baitulmali, amma shi ma bai ƙidaya sa'o'in da ma'aikata suka ɓatar suna daidaita jadawalin da ya zame ba, domin wannan asara ba ta da rasit.

Sauyin shugabanci

Christian Ude ya sauka a 2014 bayan shekara 21 a kan kujera, kuma tare da shi LiMux ta rasa uban gidanta. Wanda ya gaje shi, Dieter Reiter, ɗan SPD ne shi ma, amma ƙawancen da ke mulkin birnin ya sauya: jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta Greens, wadda ta fi kowa riƙe aikin, ta koma adawa, jam'iyyar CSU ta shigo, ɗanta Josef Schmid ya zama mataimakin magajin gari. Cikin 'yan watanni shugabannin biyu suka fara sukar tsarin a bainar jama'a. Ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka fi yawo shi ne an ɗauki makonni kafin a haɗa musu wayoyin aiki da imel ɗin hukuma. Wannan kuwa batu ne na sabar imel da ƙa'idojin tsaro, ba shi da alaƙa da manhajar da ke kan kwamfutar tebur. A 2015 wasu kansiloli biyu na CSU suka rubuta takarda suna neman a cire LiMux daga kwamfutocin tafi-da-gidanka da aka raba musu, suna cewa ba za su iya saka manhajoji irin su Skype ba. Hana ma'aikaci saka abin da ya ga dama a kwamfutar hukuma doka ce ta masu kula da tsaro, kuma da Windows ce a kan na'urar ma haka za a kulle ta.

Waɗannan misalai biyu ƙanana ne, amma sun bayyana wani abu da lissafin kuɗi ba ya nunawa. A gidan da ake da manhajoji biyu, LiMux ta zama bora: ko tukunyar da ba ta taɓa ba ce ta fashe, sunanta za a kira. Idan Windows ta tsaya a wani ofis, mutane cewa suke kwamfuta ta samu matsala, domin haka take yi a gidajensu ma, kuma babu wanda ya zaɓe ta balle a tuhume shi. Idan hanyar sadarwa ta yi nauyi, ko firinta ta ƙi, ko wata manhajar musamman ta faɗi a kwamfutar da ke ɗauke da hoton tsuntsun fengwin, wato tambarin Linux, to Linux ce ta jawo. Shugaban da ya sayi abin da kowa ke saye ba ya bukatar kare kansa idan abin ya lalace, shi kuwa wanda ya bi wata hanya dabam kullum a cikin bayani yake.

Sai dai ba duk ƙorafin ne na banza ba, kuma masu kare LiMux sun yi saurin watsar da wasu da suka cancanci a saurara. Saboda birnin da kansa yake haɗa manhajarsa, yana gwada ta da ɗaruruwan manhajojin aiki kafin ya sake ta, sannan kowace ma'aikata ta ɗora ta a lokacin da ta ga dama, abin da ke gaban ma'aikaci kullum tsoho ne. Sigar da aka fitar a 2011 tana amfani da fuskar KDE 3.5, wadda masu ita suka maye gurbinta tun farkon 2008. Sigar 2014 kuma a kan Ubuntu ta 2012 aka gina ta. Don haka gyare-gyaren da aka riga aka yi wa LibreOffice game da takardun Microsoft, waɗanda birnin da kansa ya biya kuɗin wasunsu, sukan ɗauki dogon lokaci kafin su iso teburin da ake bukatarsu. Ma'aikaci kuwa da kwamfutar gidansa yake gwada ta ofis, wadda ya sayo da Windows a cikinta tun daga kanti, ita ya koya a makaranta, ita 'ya'yansa ke amfani da ita. Wannan sabo ba haɗari ba ne. Lokacin da ƙananan kwamfutoci masu arha irin su Eee PC na kamfanin Asus suka fito da Linux a cikinsu a 2007 suka kuma samu kasuwa, Microsoft ya tsawaita ran Windows XP domin irin waɗannan na'urori, kuma cikin ɗan lokaci yawancinsu suka koma zuwa da Windows.

Akwai wani batu da ba a iya tsallakewa. A ƙarshen 2013 Microsoft ya sanar cewa zai ɗauke hedikwatarsa ta Jamus daga garin Unterschleißheim zuwa unguwar Schwabing a cikin Munich, ya kuma tare a 2016. Reiter ne ke riƙe da sashen tattalin arzikin birnin lokacin da aka shirya wannan ƙaura. Mutane da yawa sun haɗa wannan da wancan suka ce ciniki aka yi. Reiter ya musanta, kuma babu wata hujja da aka taɓa gabatarwa a fili. Ni dai ina ganin wannan zargi ya cutar da masu yin sa, domin ya ba su amsa mai sauƙi wadda ta hana su duban abin da ya fi wuya, wato cewa bayan shekara goma ana aiki babu wani rukuni mai ƙarfi a cikin ma'aikatan birnin da ya tashi ya ce kada a taɓa masa LiMux.

Rahoton Accenture da ƙuri'ar 2017

Sabuwar gwamnatin ta ba kamfanin Accenture aikin binciken harkar kwamfuta ta birnin baki ɗaya, zaɓin da ya jawo surutu domin Accenture da Microsoft ne suka haɗu suka kafa kamfanin Avanade a 2000. Abin mamaki, rahoton da ya fito a ƙarshen 2016 bai ɗora laifin a kan Linux ba. Ya nuna cewa babbar cutar tana cikin tsarin shugabanci: an raba harkar gida uku, akwai it@M mai gudanar da na'urori, akwai sashen tsare-tsare, akwai kuma ƙananan sassan da ke cikin kowace ma'aikata, kuma ma'aikacin da kwamfutarsa ta tsaya bai san wanda ke da alhakin gyara ta ba. Rahoton ya kuma gano cewa kwamfutocin Windows da suka rage su ma a warwatse suke a kan tsofaffin sigogi. Ya ba da shawarar a gyara tsarin, a gina sabuwar Windows guda mai tsari domin masu bukatarta, sannan a riƙa mayar da manhajojin aiki su zama masu buɗewa a burauza ta yadda nan gaba ba zai dami kowa ba ko wace babbar manhaja ce a kan tebur.

A watan Fabrairun 2017 SPD da CSU suka ɗauki shawarar gina sabuwar Windows, suka faɗaɗa ta ta zama ta kowa da kowa zuwa ƙarshen 2020. Shugaban it@M na lokacin, Karl-Heinz Schneider, ya shaida wa manema labarai cewa bai ga wani dalilin fasaha mai tilasta komawar ba. Jam'iyyar Greens, da Gidauniyar Manhaja Mai 'Yanci ta Turai, da gidauniyar da ke kula da LibreOffice duk sun yi suka. A watan Nuwamba majalisar ta amince da komawa Windows 10 a kan kimanin Yuro miliyan 49.3, a cikin wani babban shirin gyaran harkar kwamfuta na kusan miliyan 89.

Hujjar da masu rinjaye suka fi dogara da ita tana da ƙarfi, ko da mutum bai yarda da hukuncinsu ba. Zuwa lokacin kwamfutocin birnin sun kusa 30,000, kuma na Windows a cikinsu ba raguwa suke ba, ƙaruwa suke, domin kowace sabuwar manhajar aiki da ba ta tafiya a Linux tana jawo sababbin tebura zuwa ɓangaren Windows. Riƙe tsari biyu yana nufin gwaji biyu ga kowane sabuntawa, horo biyu, ma'aikatan gyara iri biyu. Idan za a rage zuwa ɗaya, to Linux ba za ta iya zama ɗayar ba muddin akwai manhajojin da doka ko gwamnatin sama ta wajabta kuma a Windows kawai suke aiki, alhali Windows tana iya ɗaukar komai. Wannan rashin daidaito ba daga ingancin manhajojin biyu ya taso ba, daga yawan masu amfani da kowace ne, amma ga wanda ke rubuta kasafin kuɗi duk ɗaya ne.

Inda aka yi dabam

Rundunar jandarmomin Faransa ta yi irin wannan ƙaura a kusan lokaci guda, kuma ita ta ɗore. Ta fara da OpenOffice a 2005, ta bi da burauzar Firefox da manhajar imel ta Thunderbird a 2006, duk a kan Windows, sai a 2008 ta fara ɗora nata nau'in Ubuntu mai suna GendBuntu, wanda ya kai ga dubun-dubatar kwamfutoci. Kafin a taɓa babbar manhajar, jami'i ya riga ya saba da duk abin da zai riƙa buɗewa a kanta. Bambancin da ya fi wannan girma shi ne na tsari: runduna ce mai shugabanci guda da sashen kwamfuta guda, manyan manhajojin aikinta a ƙarƙashin ikonta suke kuma an karkata su zuwa burauza, ba ta kuma fuskantar zaɓe duk bayan shekara shida kamar majalisar Munich. A Jamus kuwa waɗanda suka juya sun fi yawa: ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta bar Linux a kan tebur a 2011, kuma a 2018 jihar Lower Saxony ta shirya mayar da kwamfutocin ofisoshin harajinta kimanin 13,000 zuwa Windows, da hujjar cewa sauran jihohin da take haɗa manhajar haraji da su a can suke.

A Munich kanta siyasa ta sake juyawa. Bayan zaɓen 2020 Greens da SPD suka kafa gwamnati, suka rubuta a yarjejeniyarsu cewa birnin zai fifita buɗaɗɗun ma'aunai da manhaja mai buɗaɗɗen tushe a duk inda fasaha da kuɗi suka ba da dama, kuma manhajar da aka gina da kuɗin jama'a za a sake ta ga jama'a. Amma ba su dakatar da komawa Windows ba, domin an riga an yi nisa da kashe kuɗin, kuma babu mai ƙarfin halin gaya wa ma'aikata su sake ƙaura a karo na uku. Gwajin ya koma arewacin ƙasar, inda jihar Schleswig-Holstein ta sanar a watan Afrilun 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Ta fara da manhajar rubutu, sannan a 2025 ta ɗauke akwatunan imel fiye da 40,000 daga Exchange da Outlook zuwa Open-Xchange da Thunderbird, aikin da ya jawo ƙorafi mai zafi daga alƙalai da sauran ma'aikatan shari'a. Sauya Windows kanta da Linux shi ne matakin da jihar ta ajiye a ƙarshen jerin.